Sabon Tanki Da Daɓen Land Rover: Aikin Da Ba Ya Son Gaggawa

Cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi, tun daga Sabo ta Badun zuwa Agege da Idi-Araba a Ikko, har Shagamu da Anaca, akwai da yawa waɗanda in Allah ya buɗa musu, abin da ke fara zuwa ransu shi ne su sayi mota su aika gida, ta riƙa jigila tsakanin ƙauye da kasuwa. In ƙauyen a bakin kwalta yake, kowace irin mota ta wadatar. Amma in irin garuruwan nan ne da hanyarsu ke mutuwa da faɗuwar ruwan fari, ba ta farfaɗowa sai kaka, to, sai mota mai ja da ƙafa huɗu, kuma a cikin irinsu babu wadda talaka ya sani kamar tsohuwar Land Rover.

Mai sayen irin wannan mota yakan saurari inji, ya gwada giya, ya duba tayoyi. Abu biyu ne ba safai yake leƙawa ba, watau tankin mai da daɓen motar, alhali kuwa su ne ke fara cin kuɗinsa bayan ciniki, wani lokaci ma har su ci rai.

A shekarar 1948 kamfanin Rover na Ingila ya fito da motar. Lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, ƙarfe ya yi wuya a ƙasar, saboda haka aka yi bodinta da alminiyam, wanda maƙera ke kira goran ruwa, aka bar ƙarfe ga shasi, watau dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da motar kamar yadda azara ke ɗauke da soro. Samfurin da ya fi yawa a ƙasar nan shi ne Series III, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, kuma a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Leyland ya kafa masana'anta a Badun inda aka riƙa harhaɗa ta tare da manyan motoci. Ke nan ƙaramar cikinsu ta kai shekara 40. Da yake alminiyam ba ya irin tsatsar ƙarfe, sai mutum ya ga mota fes a ido, alhali ƙarƙashinta ya zama rariya.

Tankin gajerar Land Rover galan 10 yake ci, watau lita 45, yana ƙarƙashin kujerar gaba ta hannun dama. Doguwar mai ƙofa biyar kuwa nata yana can baya tsakanin ƙarafan shasi, yana cin galan 15 ko 16. Ta waje laka ke maƙalewa tsakanin gindin tankin da ƙarfen da ke kare shi, ta riƙe danshi wata da watanni. Ta ciki kuma ruwa ne, wanda ke biyo man jarka da na duro, ya kwanta a ƙasa domin ya fi fetur nauyi. Tsatsa ta ci daga nan, ta ci daga can, ranar da suka haɗu sai mai ya fara tsattsafowa.

Wanda ke son ganin inda wannan magana ta fi nauyi, ya hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Daga Mayo Selbe ake fara hawa, a bi Maisamari da Nguroje a isa Gembu, ƙasar da ta ɗara mita 1,500 bisa teku, mai yawan ruwan sama da jar laka mai santsi. A can tsofaffin Land Rover sun daɗe suna kai mutane da buhuna ƙauyukan da ke bakin iyakar Kamaru. A kan kwalta, injin fetur mai silinda huɗu yakan yi kamar kilomita 6 ko 7 da lita guda, ke nan tankin asali zai kai mota wajen kilomita 300. Amma da zarar direba ya ja sandar nan mai jan kai ya shiga ƙaramar giya, yana fama da taɓo da hayi, lissafin ya rushe. Ga shi gidajen mai ba su bin mota cikin daji. A watan Nuwamba na 2019 ma Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, direbobin bakin iyaka suka ji a jikinsu. Dabarar da aka saba ita ce a jera jarkoki a baya tare da fasinja, mata da yara suna zaune a kan fetur, wani kuma yana neman ashana. Wannan ne ya sa masu hankali cikin masu motoci suke gwammace a ƙera musu babban tanki guda, a rufe shi a ƙarƙashin sabon daɓe.

Wuta Da Tsohon Tanki

Kafin a zo ga ƙira, akwai magana guda da ya kamata kowane mai mota ya riƙe. Tankin da fetur ya taɓa shiga, ba a kai masa wutar walda don kawai an juye man. Tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana kamawa ne in ya kai kamar kashi 1 da rabi zuwa kashi 7 da rabi cikin 100 na iskar da ke wurin. Cikakken tanki iskarsa ta yi kaɗan. Wanda aka juye, mai shi yana cewa ai babu kome a ciki, shi ne ya fi haɗari, gama cokalin shayi ɗaya ko biyu na man da ya maƙale a cikin tsatsa da lungunan haɗi ya isa ya cika tankin da tururi mai fashewa da zarar ƙarfen ya ɗau zafi. Tururin kuma ya fi iska nauyi, ba ya tashi ya fita da kansa don an bar murfi a buɗe.

A garejoji ana yin dabaru iri-iri. Wani ya ɗauraye da ruwa da garin sabulu ya shanya a rana, wani ya zura tiyo daga salansar wata mota ya cika tankin da hayaƙi, wani ma ya wulga wuta a bakin tankin wai don ya ƙone sauran tururin. Sau tara a yi a tsira, na goma ya tafi da fuskar yaron shago. Hayaƙin salansa ba abin dogara ba ne, domin tsohon inji yakan fitar da ɗanyen mai da sauran iska tare da shi. Inda ake aikin bisa ƙa'ida, da tururin ruwan zafi ake wanke tanki na tsawon lokaci, a auna da na'ura, sa'an nan a cika shi da ruwa ko da iskar da ba ta cin wuta. Wanda ba shi da waɗannan kaya, gara ya jefar da tsohon ya ƙera sabo da ƙarfen da bai taɓa ganin mai ba. Tanki mai tsatsa ma ko an toshe shi yau, gobe gefen facin ne zai ɓule.

Gwanin ƙira ba ya fara taɓa ƙarfe. Kwali yake samu, ya yanka, ya harhaɗa siffar tankin, ya shiga ƙarƙashin mota ya gwada. A nan zai ga inda salansa ta bi, da iyakar inda aksul ke kaiwa in an danne sifirin da kaya, domin motar da ke tsaye ba kaya a gareji dabam take da wadda ta ɗauki buhu 15 ta faɗa rami. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara wa tanki zurfi ta ƙasa, ya riƙa leƙowa ƙarƙashin shasi, dutsen farko ya fasa shi. Tankin motar daji sama yake girma. Shi ya sa ake cire tsohon daɓen baya a ɗaga sabon da 'yan inci kaɗan, kuma shi ya sa tanki da daɓe aiki ɗaya ne, hannu ɗaya ya kamata ya yi su.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai yi. A auna faɗi da tsawo da zurfi da santimita, a ninka su, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Misali, faɗi 60, tsawo 70, zurfi 24, ya ba da lita 100 da 'yan kai. Sai dai mai mota ya tuna da nauyi. Litar fetur ta kusa kashi uku cikin huɗu na kilo, ƙarfen tankin kuma in mai kaurin milimita 2 ne zai doshi kilo 30, gaba ɗaya wajen kilo 100 ke nan, buhun siminti biyu rataye a bayan aksul dare da rana. In ƙarfen da ke gicciye a ƙarshen shasi ya ruɓe, kuma a tsohuwar Land Rover shi ne ke fara ruɓewa, sai an sake shi tukuna.

Fallen ƙarfen da za a yi aiki da shi sabo ake so, baƙi, mai kaurin milimita 1 da rabi zuwa 2. Ana samunsa a Owode Onirin a Ikko, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Araha takan ja wasu su fasa tsohon duro ko jikin firji, amma duron da ba a san abin da ya ɗauka ba, yanka shi ma kasada ce. Farin ƙarfe mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi da bokiti, yana da ruɗi domin ba ya saurin tsatsa, amma hayaƙinsa a wurin walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta maganin wannan, ko da yake ba mai raba su da ita. In motar mai shan man gas ce, tutiyar takan narke a hankali ta bi mai ta lalata bakin allurar inji. Alminiyam yana da kyau, ba nauyi, sai dai waldarsa na bukatar na'ura ta musamman da gwani na musamman, kuma in ya tsage a Dorofi ko Mayo Ndaga ba mai ɗinke shi a can.

Kowace walda ƙofar yoyo ce, don haka ake rage yawanta. Maimakon a yanka falle shida a haɗa, sai a lanƙwasa falle guda ya ba da gindi da gaba da baya, a kawo gefe biyu da murfi. Ana fara ɗiga walda nan da can don a kama siffar, sa'an nan a bi layin kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, in ba haka ba zafi ya murɗe fallen. Waldar gas ta fi dacewa da siririn ƙarfe. Mai waldar lantarki in zai yi, sai ya sa siririyar sanda ya rage wuta, ya kuma kakkaɓe kashin waldar sarai, domin abin da ya rage a ciki, kafireto zai je.

Abin Da Ido Ba Ya Gani

Akwai aikin da ke cikin tanki wanda da zarar an rufe murfi ba mai sake ganinsa, kuma a nan ne ake gane mai amana. Duk wanda ya ga mace ta ɗebo ruwa a ƙwarya ya san takan jefa ganye ko ƙoƙo a kai don kada ruwan ya riƙa tambal-tambal yana zuba. Haka mai yake yi a cikin tanki. Lita 50 a tankin lita 100, in mota ta taka birki ko ta karkata, gaba ɗaya yake tafiya ya bugi bango guda, ya dawo ya bugi ɗayan. Yau da gobe sai walda ta tsage. Maganinsa shi ne a sa shinge biyu ko uku na ƙarfe a ciki, su raba tankin ɗaki-ɗaki, a yanke kusurwoyinsu na ƙasa don mai ya riƙa ratsawa a hankali, a bar kafa a sama don iska. Shingen kuma yana ƙarfafa bangon, ya hana shi kumbura da lotsawa.

Amfaninsa na biyu ya fi na farko ga motar tsauni. A kan hayi mai tsawo, in mai ya yi ƙasa, duk sai ya gangara baya ya bar bakin bututun da ke zuƙa a sarari, famfon ya ja iska, inji ya mutu a tsakiyar hawa da kaya da mutane, a bar direba da birkin mota mai shekara 40. Don haka ake yin ɗan ƙaramin ɗaki kewaye da bakin bututun, ko ɗan gurbi a gindin tanki, inda mai zai taru ko ta ina motar ta karkata. Bakin bututun ba ya taɓa gindi, ana ɗaga shi kamar santimita ɗaya don ya bar ruwa da datti a ƙasa, a kuma sa noti a mafi zurfin wuri inda za a riƙa tsiyaye su.

Tanki yana numfashi. In mai na fita, dole iska ta shiga, in ba haka ba inji ya riƙa shaƙewa bayan tafiya kaɗan, a yi ta zargin kafireto a banza. Ana fitar da siririn bututu daga saman tankin, a kai shi sama, a lanƙwaso shi ƙasa a waje da bodi nesa da salansa, yadda ko mota ta kwanta a gefe man ba zai kwarara ba, ruwan rafi kuma ba zai shiga ba. Fetur kuma yana kumbura da zafi. Lita 100 da aka sha da sanyin safiyar Gembu, in aka gangaro zafin Serti, zai iya ƙaruwa da kusan lita 2. Saboda haka ake zura wuyan zuba mai ya ɗan shiga cikin tankin, yadda ko an cika har baki za a bar sarari a sama. Wuyan kuma waje yake fita, ba a barinsa a cikin ɗakin fasinja. Motar man gas tana bukatar ƙarin bututu na mai da ke komowa daga inji.

In an gama, sai gwaji, kuma kafin ɗigon mai ya shiga ake yinsa, domin in an sami yoyo a koma da wuta ba fargaba. A toshe kafofi, a ɗaura balan-balan a bakin guda, a hura iska da famfon keke har balan-balan ɗin ta tashi, a shafe duk layin walda da ruwan sabulu. Inda kumfa ta tsiro, nan ne. Kada a kuskura a kai wa mai faci ya hura da injinsa. Iskar da ake ba tayar mota, in ta shiga wannan tanki, nauyin da za ta ɗora wa murfin kaɗai ya fi tan 8, zai kumbura kamar tulu ko ya yage. Wasu sukan cika shi da ruwa su ɗora a kan busasshiyar takarda ya kwana, wannan ma daidai ne, muddin za a busar da cikin sarai daga baya.

Ba a walda tanki a jikin shasi. Shasin motar daji yana murɗawa duk lokacin da ƙafa ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami, in tankin ya zama ɗaya da shi, shi ma sai ya murɗe. Da ɗamarar ƙarfe biyu ake rataye shi, a shimfiɗa roba tsakani, a ɗaure da kusa da noti. Ƙarfen kariya mai kaurin milimita 3 yana zuwa daga ƙasa, da rata tsakaninsa da tankin da kafofin da laka za ta fita, don kada a maimaita cutar da ta kashe na farko. Tiyo kuma na mai ake sawa. Na ruwa yakan yi laushi ya fashe cikin 'yan watanni.

Daɓe

Mutane sun ɗauka aikin daɓe shi ne ɗaukar kaya kawai. Shi ne kuma katanga tsakanin fasinja da tanki, tsakaninsu da hayaƙin salansa. A cikin hayaƙin nan akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A ƙasa mai sanyi, inda ake sauke tamfol a rufe bayan mota ruf, daɓe mai ɓuli yakan zuƙo ta ciki, fasinja su fara ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, a ce wahalar hanya ce. Yara ne ke fara galabaita. Saboda haka ba a barin ko ƙaramar kafa, kuma wutsiyar salansa sai ta fita waje da bodi.

A nan mai mota zai zaɓa. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 3, irin mai ƙuraje da ke hana santsi, kowane murabba'in mita ya ɗara kilo 23, na alminiyam kuwa kilo 8 ne da ɗoriya. Ƙarfe ya fi araha, ko'ina ana waldarsa, amma duk kilon da ya ƙara, daga kayan da motar za ta ɗauka aka cire. In aka zaɓi ƙarfe, akwai wata cuta da sai an kiyaye. Duk inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam, danshi ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya zama farin gari kamar toka. Masu tsohuwar Land Rover sun san wannan gari a gindin ƙofofi da kewayen kusoshi. Gishiri da kanwa da takin zamani, waɗanda su ne rabin kayan motar ƙauye, suna ƙara masa sauri. Don haka ake shafe ƙarfen da jan fenti, a sa roba ko kwalta a duk inda zai taɓa bodi, a haɗa su da ribit ko kusa. Walda ba ta haɗa waɗannan biyu.

Ƙarƙashin daɓen ana jera ƙarafa a gicciye su ɗauki nauyi, yadda ko an jefo buhu daga sama fallen ba zai lotsa ya zauna a kan tanki ba. Ratar yatsa biyu tsakaninsu ta isa. Daidai saman ma'aunin mai da bakin bututu, a yanka 'yar ƙofa mai murfi da roba, don ranar da ma'aunin ya lalace kada a ce sai an sauke tanki a tsakiyar daji. Wurin sa ƙafar direba da na karen mota ƙarfe ne tun asali, shi ma yakan ruɓe, a yanke har inda ƙarfe mai rai yake a sa sabo. Dukan wannan walda da huda ana gama su ne tankin yana waje, an cire kan batir. An sha ganin wanda ya gama kyakkyawan aiki, ya zo ɗaura kujerar fasinja, ya huda daɓe har cikin sabon tanki.

Mai motar da ke zaune a Kurmi, aikin kuma ana yi a Kaduna ko Jalingo, ba zai tsaya a kai ba, amma gani ya kori ji. Ya wakilta ɗan'uwa ya je ya ga shingayen da idonsa kafin a rufe murfi, ya tsaya a yi gwajin sabulu a gabansa, ko a ɗauko masa hoto a waya. Kuɗin aiki ma a biya shi kashi-kashi bisa wannan. Ya kuma yi tanki daidai bukatar hanyarsa, gama tankin da ya wuce kima a motar bakin iyaka yana jawo zargin fasa-ƙwauri, musamman da yake masu wannan sana'a sun daɗe suna irin wannan ƙira. Kyautuwa ya yi a kai motar wurin jami'an duba lafiyar motoci su ga canjin, a kuma ajiye abin kashe gobara kusa da direba.

Ranar farko ba a cika tankin. A zuba lita 20, a bar mota ta kwana a kan busasshiyar ƙasa, da safe a duba ƙarƙashinta a kuma sansana cikinta. In lafiya, a riƙa ƙara lita goma-goma ana sa alama a jikin sanda mai tsabta, domin allurar ma'aunin da ke gaban direba da tsohon tanki ta saba, ba za ta faɗi gaskiyar sabon ba sai an daidaita ta. Bayan tafiyar farko da kaya, a sake shiga ƙarƙashi da sifana a bi notocin ɗamara ɗaya bayan ɗaya, domin robar takan kwanta su saki, a kuma duba ko akwai inda aksul ko salansa suka goge fenti.